Namiji Ya San Masaukinsa, Ina Masaukin Baƙuwa?

Wannan shi ne jawabin da wata malama, wadda ta daɗe da zama a Agege, ta yi a gaban taron 'yan Arewa mazauna Ikko da kewaye. Mun buga shi ɗungum domin amfanin masu karatunmu na sauran garuruwan Kurmi.

Na gode da aka ba ni wannan dama, ko da ya ke a cikin taron nan akwai waɗanda suka girme ni, suka kuma riga ni shan ruwan Kurmi. In na yi tuntuɓen harshe, a yafe mini.

Tambaya guda ce ta kawo ni gabanku. Idan saurayi ya sauka daga mota a Agege ko Idi-Araba ko Mil 12, da 'yar jakarsa a kafaɗa, bai san kowa ba, kafin la'asar ya sami mai ce masa ga tabarma. Zai nemi masallaci, a can a tambaye shi garinsu, a haɗa shi da mutanen garinsu. Kafin mako ya kewayo ya san inda a ke cin tuwo bashi, ya san wanda zai tsaya masa ya sami baro ko tebur ko ɗan jari. Madalla da wannan. To, amma idan shekara ta yi ya je gida ya yi aure, ya ɗauko 'yar mutane ya kawo ta nan, ita wane ne ke tarbarta? Wa ke tambayarta garinsu? Wannan ita ce tambayata, kuma a kanta zan tsaya har in zauna.

Tsarin da ke karɓar baƙon namiji tsohon gini ne, kakanninmu suka aza harsashinsa. Fatake sun daɗe suna zuwa Kurmi tun ana tafiya a ƙasa. Da hanyar jirgin ƙasa ta tashi daga Ikko ta isa Badun a 1901, ta kai Kano a 1911, sai cinikin goro da na shanu ya bunƙasa, mutanenmu suka yawaita a tashoshi irin su Agege. A 1916 aka keɓe wa Hausawan Badun unguwar Sabo. Wani masanin zaman jama'a, Abner Cohen, ya zauna a Sabo ɗin nan, ya fitar da littafinsa a 1969, inda ya bayyana yadda maigida ke saukar da falke, ya ciyar da shi, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa har a biya shi kuɗin shanun da ya sayar bashi. Watau dai tun shekaru fiye da 100 namiji yana da masauki, yana da mai tsaya masa, yana da Sarkin da zai kai wa ƙara. An yi ginin ne domin fatauci, fatauci kuwa na maza ne, saboda haka ba a bar wa mace ƙofa a jikinsa ba.

A zamanin da zango ya ke zango, wannan rashi bai fito fili ba, gama gidajen manyan masu gida cike su ke da mata, amarya tana sauka ta faɗa hannun uwargida. Yau abin ya sake. Kuɗin haya ya kori matasanmu daga tsakiyar zango, sun watsu cikin unguwannin bayan gari, kowa inda ƙarfinsa ya kai. Sau da yawa za ka tarar amarya ita kaɗai ce mai jin Hausa a gida mai ɗaki goma.

Ku dubi abin da ta baro a gida. Ta baro uwa da gwaggo da inna, ta baro ƙawa wadda su ke biki da ita, ta baro ungozomar unguwa, ta baro tsakar gida inda a ke daka a ke hira. Can ko tana kulle ba ta kaɗaita ba, domin kullen Arewa kulle ne a cikin jama'a: yara na shiga da talla, tsofaffi na shiga da labari, da dare a raka ta barka ko gaisuwar mutuwa. Nan kuwa sai aka ɗauko kullen aka baro jama'ar. Ɗaki guda, taga guda, risho a bakin ƙofa, mijin ya fita tun asuba ba zai komo ba sai bayan lisha. Wani zai ce ai ga waya a hannunta, tana magana da uwarta kullum. Haka ne, amma waya ba ta riƙe wa mai naƙuda ƙugu, ba ta kuwa ɗora ruwan wankan jego.

Ba labari aka ba ni ba, a kaina aka yi. Shekaru fiye da talatin ke nan aka kawo ni nan daga wani ƙauye na ƙasar Katsina. Maigidana, Allah ya jiƙansa, mahauci ne, mutumin kirki, bai taɓa barina da yunwa ba. Amma na yi wata bakwai ban yi magana da kowa ba sai shi. In na ji motsin matan gidan a baranda sai in koma ɗaki, don ban san abin da zan ce musu ba. Ashe akwai ranar da shara da wankin bayan gida ke kewayowa kan kowane ɗaki, ni ban sani ba, shi kuma bai taɓa zama a gida da rana ba balle ya sani. Su suna ganin girman kai ne, ni kuwa tsoro ne ya cika ni.

Ran nan da hantsi naƙuda ta taso mini, ba kowa. Wata Bayarabiya mai sayar da kamu, wadda ko gaisawa ba mu taɓa yi ba, ita ta ji nishina ta bango. Ta turo ƙofa, ta kira 'yan'uwanta, suka ɗauke ni a mota zuwa asibiti, ta biya da kuɗin cinikinta na ranar. Ɗan da na haifa ga shi can zaune a cikinku, da 'ya'yansa uku. Bayan kwana biyu wata tsohuwa daga cikin zango ta ji labari ta zo. Da ta dube ni sai ta riƙe baki ta ce, “'Yar nan, wata bakwai kina nan, tsakaninmu bai fi tafiyar minti goma ba, ba wanda ya gaya mini?” Ita ta yi mini wankan jego, ita ta kai ni ajin yaƙi da jahilci, daga nan na kama hanyar da ta kawo ni gabanku yau. Matan nan biyu ba wanda ya sa su, ba wanda ya biya su. Amma fa dace na yi, dace kuwa ba abin dogara ba ne. Nawa ne ba a ji nishinsu ta bango ba?

Kada a ɗauka asarar ta tsaya ga kewa kawai. Macen da ba ta san kowa ba, ba ta zuwa awon ciki, domin ba ta san hanya ba, in ma ta je ba ta jin abin da malamar asibiti ke faɗa. Ba ta san cewa zubar jini da kumburin fuska da jijjiga da doguwar naƙuda abubuwa ne da ba a kwana da su a ɗaki ba. Ɗanta ba ya samun allurar rigakafi a kan lokaci. Ba a karɓar masa takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya, sai ranar shiga makaranta ta zo a yi ta kame-kame. Alhali kuwa dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma tilas ne ga kowane yaro, ba ta ce ban da ɗan baƙo ba. Sashe na 41 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya ikon zama inda ya ga dama a ƙasar nan. Haƙƙin yana nan a rubuce, amma wadda ba a karanta mata ba, daidai ta ke da wadda ba ta da shi.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. Manyanmu suna tune da abin da ya auku a Shagamu a watan Yuli na 1999, sa'ad da aka kashe wata Bahaushiya bisa zargin ta fito da dare lokacin bikin Oro, wanda al'adar Yarbawa ta hana mata su gani. Faɗa ya ɓarke, aka yi asarar rayuka masu yawa, wutar ta tsallaka har Kano. Babu al'adar da ta halatta zubar da jini, kuma ban ɗora wa marigayiyar laifi ba. Abin da na ke so mu lura shi ne, shelar irin waɗannan ranaku da Yarbanci a ke yinta, baki da baki ta ke yawo a unguwa, macen da ba ta da maƙwabciya kuwa ba ta da kunne a gari. Haka kuma da rikici ya tashi a Idi-Araba a 2002, da Mil 12 a 2016, da kasuwar Shasha ta Badun a 2021, maza suna kasuwa, mata da yara aka bari a ɗaki. A irin wannan rana, ƙofar da mace za ta ƙwanƙwasa ita ce ta wadda ta saba gaisawa da ita.

Ga shi kuma baƙin namu sun sake kama. Tun da fitinar Boko Haram ta tsananta a 2014, da kuma ta'adin 'yan bindiga a Zamfara da Katsina da Sakkwato, mata suna zuwa waɗanda ba amare ba ne. Gwauraye ne da marayu a hannu, wasunsu ko Hausar ba ta zauna a bakinsu ba. Muna ganinsu a ƙarƙashin gada da bakin masallatai. Su ma baƙinmu ne.

To, mene ne magani? Ba sai mun yi aro daga nesa ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta ga matan ƙauyuka a cikin gidajensu ilmi bai kai gare su ba. Sai ta zaɓi dattijan mata masu hankali, ta naɗa kowacce jaji, ta ɗora mata malfa. Jaji ta zo wurin Nana ta ɗauki karatu, ta koma ta bi mata har inda su ke ta sanar da su, ta kuma kula da marasa lafiya da masu jego da sulhun ma'aurata. Su ne 'Yan Taru. Hikimar abin ita ce, ba a jira wadda ke ɗaki ta fito ba, an aika mata da wadda aka yarda da ita. A zamaninmu kuma ga FOMWAN, tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi da aka kafa a Minna a 1985, Hajiya Aisha Lemu ce Amirarta ta fari, tana da rassa a jihohin Kudu da na Arewa, da makarantu da asibitoci. 'Yan'uwanmu Kiristocin Arewa suna da Zumuntar Mata, wadda ta shahara wajen ziyarar marar lafiya da mai haihuwa. Islamiyyun matan aure suna nan cikin zangunanmu, adashi yana nan. Itace da ashana duk muna da su, hura wutar ce ta rage.

Abin da na ke roƙo shi ne kowace unguwa ta fitar da mata uku ko huɗu, waɗanda suka daɗe a nan, masu jin yaren gari, masu riƙe sirri, su zama masaukin baƙi mata. Aikinsu kashi biyar ne.

Na fari, su san da zuwan baƙuwa. Duk wanda ya kawo iyali ya sanar da liman ko mai unguwarsu, shi kuma ya sanar da matan nan. Kafin kwana bakwai a je a yi mata sannu da zuwa, a karɓi lambar wayarta, a ba ta lambar mutum biyu da za ta kira ko da tsakar dare ne, a kuma koya mata lambar gaggawa ta 112, wadda a ke kira kyauta.

Na biyu, su kama hannunta su kai ta ɗakin matar mai gidan haya da na sauran maƙwabta, ta gaishe su. Bayarabe yana son gaisuwa kamar yadda mu ke sonta, 'yarsa tana durƙusa wa babba kamar yadda tamu ke yi. A gaya mata ranar shararta, da ƙa'idar famfo da ta wutar lantarki, da ranakun da gari ke da hani. Hausawa sun ce in ka je gari ka tarar kowa da jela, kai ma nemi ka ɗaura. Wannan bai taɓa addinin kowa ba, ladabin zama ne.

Na uku, harshe. Ba a ce ta zama tafinta ba. Ta iya cewa “e karo” da safe, da “e she” in an yi mata alheri, da “elo ni” in tana tambayar kuɗin kaya, da “e gba mi” in tana neman ceto. Kalmomi ashirin sun isa su mai da baƙuwa maƙwabciya. Waɗanda ke Anacha da Inugu da Fatakwal su yi haka da harshen Ibo ko Turancin kasuwa.

Na huɗu, rakiya. A raka ta awon fari, a tsaya a yi mata tafinta, a nuna mata inda a ke rigakafi da inda a ke karɓar takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa, da makarantar gwamnati mafi kusa. Sau ɗaya ko biyu ya isa. Rana ta uku ita za ta raka wata.

Na biyar, sana'a. Cohen ɗin da na ambata ya ga matan Sabo suna cikin gida suna dafa abincin sayarwa, suna tara abin kansu. A sa baƙuwa cikin adashi ko da zubin kaɗan ne. Yarbawa ma suna da nasu, suna ce masa esusu ko ajo, ba baƙon abu ba ne a wurinsu. Mai kitso, mai lalle, mai fura, mai ɗinkin hula, duk akwai masu saye a gidan da ta ke. Wadda kuma za ta kasa kaya a kasuwa, a kai ta ta gaida Iyaloja, shugabar 'yan kasuwa, kafin ta shimfiɗa buhu.

Yanzu sai in juyo gare ku, iyayenmu da ƙannenmu maza. Na san abin da wasunku ke faɗa a zuci: za a buɗe mata ido, za a koya mata yawo. Ɗana, wadda za ta shigo ɗakinka sa'ar mahaifiyarka ce, da saninka za ta zo, da izninka za ta raka ta. Ka tuna ranar da aka ba ka yarinyar nan, waliyyinta amana ya ce ya ba ka. Kana mahauta ko kana bakin kasuwa, in wani abu ya same ta, cunkoson motocin Ikko kaɗai ya isa ya hana ka isowa kafin sa'a biyu. Wa ka bar wa amanar a cikin sa'o'in nan? Kai da aka tarba da tabarma ranar da ka sauka, bai kamata ka hana matarka abin da aka yi maka ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kaɗaici kuwa shi ne babbar tsaga a ɗakin aure.

Ranku ya daɗe Sarakuna, ba kuɗi mu ke nema a wurinku ba. Bakinku mu ke nema. Ku faɗa a fada, limamai su faɗa a kan mumbari, cewa sanar da zuwan iyali ya zama al'adar zango. Idan kuma kuna zama da Baale ko da shugabannin unguwa, ku karɓo mana ranakun hani tun da wuri, mu kai wa mata har ɗaki.

Mu kuma mata, kada mu ruɗi kanmu, abu uku ne ke kashe irin wannan aiki. Na ɗaya gulma. Ranar da sirrin ɗakin wata ya fito a gidan biki, ranar ce maza za su rufe mana ƙofa, kuma da gaskiyarsu. Na biyu wariya, a ce wannan Bakanuwa ce tamu ce, waccan 'yar Barno ce ko Bazabarma ce ko Kirista ce, a bar ta ga mutanenta. Wadda ta cece ni ba ta tambayi garinmu ba. Na uku kuɗi. Da zarar an fara anko da rigimar wa zai riƙe asusu, baƙuwar da aka taru dominta an manta da ita. A bar abin a ƙafa da baki, gama zumunta a ƙafa ta ke.

Sa'an nan mu san iyakarmu. Mu ba likitoci ba ne, ba alƙalai ba. In ciwo ne, asibiti. In saɓani ne, a kai ga manya da malamai. Amma in duka ne da ke barazana ga rai, kada a rufe da sunan sirri. Gwamnatin Jihar Ikko ta kafa hukuma a 2021 musamman domin sauraron ƙarar cin zarafi a cikin gida, ƙofarta kuwa a buɗe ta ke ga baƙuwa kamar yadda ta ke ga 'yar gari.

Jama'a, na daɗe a tsaye. Roƙona na ƙarshe ƙarami ne. Kowace mace a cikin taron nan, kafin Juma'a mai zuwa, ta tambaya a layinsu ko akwai ɗakin da aka kawo baƙuwa. In akwai, ta zuba tuwo a kwano, ta je ta yi sallama. Kowane namiji kuma da ya bar matarsa ita kaɗai yau, in ya koma gida ya tambaye ta sunan maƙwabciyarta. In ba ta sani ba, to, ya san akwai aiki a gabansa.

Allah ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu, ya sauki masu ciki lafiya, ya raya mana zuriya.